Mikin Zuciya, Sanin Kai da Zaman Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi kan Mahangar Freud da Magadansa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam, da ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da mutanen da Allah ya ɗora wa kula da wani nasu da ya ga tashin hankali bai koma daidai ba. Kalmar da Turawa ke amfani da ita a wannan fage, wato trauma, daga Girkanci ta fito, ma'anarta rauni a jiki. Ni na zaɓi in ce mikin zuciya, domin miki shi ne raunin da ya ƙi rufewa.

Mene ne saikoanalisis, kuma wa ya fito da shi?

Hanya ce ta fahimtar zuciyar ɗan Adam da yi mata magani ta magana da sauraro. Wanda ya kafa ta shi ne Sigmund Freud, ana furta sunan kamar Furoid, likitan jijiyoyi Bayahude da aka haifa a 1856. Kusan duk rayuwarsa a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya yi ta, ya mutu a Landan a 1939, shekara guda bayan ya tsere wa 'yan Nazi. A 1885 ya je Faris wurin babban likitan jijiyoyi Jean-Martin Charcot, inda ya ga marasa lafiya da hannu ya shanye ko murya ta ɗauke, alhali an duba jiki ba a ga komai ba. A 1895 shi da abokin aikinsa likita Josef Breuer suka fitar da littafi suna cewa irin waɗannan mutane abin da ya wuce ne ke cin su. Wata majinyaciyar Breuer, Bertha Pappenheim, ita ta raɗa wa hanyar suna maganin magana, don ta lura duk ranar da ta amayar da abin da ke cikinta sai ta ji sauƙi.

Tushen karatun shi ne abin da mutum ya sani game da kansa kaɗan ne. Freud da kansa ya yi misali da wani babban zaure cike da jama'a suna turereniya, kusa da shi akwai ƙaramin ɗaki inda maigida ke zaune, a bakin ƙofa kuma ga dogari. Duk buri ko tunanin da zai ɓata wa maigida rai, dogari ya mayar da shi baya. Wannan shi ne dannewa. Sai dai waɗanda aka kora ba gida suke tafiya ba. Ɓad da kama suke yi su shigo ta mafarki, ta suɓutar baki, ta ciwon da asibiti ya kasa gano kansa.

Wane irin abu ake kira mikin zuciya? Ko duk baƙin ciki ne?

A'a. Baƙin ciki yana da zafi, amma yana tafiya da lokaci: bana ya ƙona ka, baɗi ya zama labari. Miki shi ne abin da ya ƙi zama labari. A 1920 Freud ya kwatanta zuciya da halitta mai garkuwa, wadda ke tace abin da ke shigo mata daga waje. Idan abu ya zo da ƙarfin da ya huda garkuwar, sai ya kwararo ciki kamar ambaliya, zuciya ta rasa inda za ta ajiye shi. Ya kuma raba abu uku da mukan haɗa su wuri ɗaya: tsoro, inda ka san abin da kake gudu, fargaba, wadda ke sa ka zauna cikin shiri ko ba ka san ta inda abin zai ɓullo ba, da razana, wadda ke faɗo maka ba shiri. A wurinsa razana ce uwar miki.

Shi ya sa girman abin da ya faru ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Mota ɗaya kan kife da mutum biyu, ɗaya ya koma tasha bayan mako, ɗayan ya shekara bai iya jin ƙarar birki ba. Na san wata baiwar Allah da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ta dawo birni wurin ƙanwarta. Tana wanke-wanke a tsakar gida, da babura uku huɗu sun wuce a jere ta bayan katanga sai kwano ya suɓuce mata, ta tsuguna ta lulluɓe jikanta da gefen zani. Ta san 'yan acaɓa ne, in ka tambaye ta za ta faɗa maka da bakinta. Jikinta ne bai samu labarin cewa waccan rana ta wuce ba.

Me ya sa mutum ke ta mafarkin abin da yake so ya manta?

Wannan tambaya ta tilasta wa Freud gyara karatunsa. A littafinsa na 1900 kan mafarki ya ce kowane mafarki biyan wani ɓoyayyen buri ne. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo da sojoji masu karkarwa, kowane dare mafarki na mayar da su cikin ramin da bam ya tashi da abokansu. Wane buri ne wannan? Amsar da ya bayar a 1920 ita ce zuciya tana komawa wurin ne don ta yi shirin da ba ta samu damar yi ba a ranar, kamar mai komawa inda ya faɗi ko wannan karon zai dafa ƙasa kafin ya kai.

Abin da ya buɗe masa ido a gida ya gan shi. Jikansa ɗan shekara ɗaya da rabi, yaro ne da ba ya kuka in uwarsa ta fita. Yana da ɗan katakon naɗe zare mai igiya a jiki. Sai ya wurga shi cikin gadonsa mai labule ya ɓace, ya ja wani dogon sauti mai nufin ya tafi, sannan ya jawo igiyar da murna ya ce ga shi. Haka zai yi ta yi ba gajiya. Fitar uwa abu ne da ake yi masa, a wasan kuwa shi ke korar ta shi ke dawo da ita. Tun a 1914 Freud ya rubuta cewa abin da mutum bai iya tunawa da baki ba, aikata shi yake yi ba tare da ya sani ba. Daga nan ne ake fahimtar mai faɗawa irin auren da ya gudo daga gare shi, ko mai neman faɗa da duk wani shugaban da ya samu a wurin aiki.

Wani kuma sai bayan shekaru abin ke tasar masa. Yaya aka yi?

Yaro kan ga abu ko a yi masa abu a lokacin da ba shi da wayon gane shi. Abin ya kwanta shiru. Bayan shekaru wani abu na biyu, wataƙila ƙarami, kamar balaga ko daren aure ko haihuwar 'yar fari, ya zo ya ba na farkon ma'ana, a ranar ne zai sare shi. Don haka kada a ce da mutum ai ka daɗe lafiya lau, yanzu ka tsiro da wannan. A mahangar nan jinkirin yana daga cikin halin ciwon.

Gaskiya ne Freud ya juya wa matan da aka ci zarafinsu baya?

Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. A 1896 ya tsaya gaban likitocin Biyana ya ce tushen ciwon majinyatansa lalata ce da manya suka yi da su suna yara. Ba a karɓe shi hannu biyu ba. A 1897 ya rubuta wa abokinsa Wilhelm Fliess cewa ya daina yarda da wannan bayani, ya karkata ga cewa buri da ƙage-ƙagen zuciyar yaro suna da babban rabo. Bai taɓa cewa ba a cin zarafin yara ba, amma nauyin karatun ya koma cikin kan yaro, kuma magada da yawa sun yi shekaru suna jin kukan gaskiya suna fassara shi da mafarki.

Wanda ya dawo da maganar almajirinsa ne ɗan ƙasar Hangari, Sándor Ferenczi. A taron da aka yi a Wiesbaden ta Jamus a 1932 ya ce yaro yakan zo wa babba da harshen shaƙuwa, babba ya amsa masa da harshen sha'awa, kuma wannan yana faruwa da gaske, har a gidajen mutunci. A rubuce-rubucensa na waɗannan shekaru ya ƙara da abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wannan fage: sara biyu ake yi wa yaron. Na farko abin da aka yi masa. Na biyu lokacin da ya je wurin wani babba da ya yarda da shi, aka ce masa babu abin da ya faru, ko aka ce ya rufe baki kada ya ja wa gida abin kunya. Saran na biyu ne ke hana raunin rufewa, domin daga ranar yaron ya fara shakkar idonsa da jikinsa. Abokan aikin Ferenczi ba su ji daɗin maganar ba, ya mutu a 1933, kuma sai a 1949 takardar ta fito da Ingilishi.

Duk wanda ya san yadda ake rufa-rufar fyaɗe don gudun surutun unguwa ya san abin da Ferenczi ke nufi. Wannan zare na wanda aka ƙi saurara zai sake fitowa a amsar gadon miki da ta ƙarshe.

Me ya sa wanda aka zalunta yake ganin laifin kansa, wani ma ya koma zaluntar na ƙasa da shi?

Ferenczi, da Anna Freud 'yar autar Freud a littafinta na 1936, sun yi bayanin abin da suka kira ɗaukar kamannin azzalumi. Wanda ba shi da hanyar gudu yakan tsira ta hanyar shiga cikin kan mai cutar da shi: ya karanci fuskarsa, ya riga shi sanin abin da yake so, a ƙarshe har ya ɗauki laifin da shi azzalumin bai ji ba. Ronald Fairbairn na Sikotilan ya lura cewa yaran da iyaye suka wulaƙanta sun fi son a ce su ne miyagu. In ni ne mugu, zan iya gyarawa a so ni. In kuwa uwata da ubana ne miyagu, ina zan sa kaina? Wani kuma yakan ɗauki sandar da aka doke shi da ita, don riƙe ta ya fi masa sauƙi a kan tuna ranar da yake ƙarƙashinta. Akwai kuma laifin wanda ya tsira, wanda William Niederland ya gani a wurin waɗanda suka fito da rai daga sansanonin Nazi: me ya sa ni na rayu, ƙanena bai rayu ba?

Daga ina mutum ke samun sanin ko shi wane ne?

Daga wasu. Donald Winnicott, likitan yara ɗan Ingila, ya ce madubin farko da jariri ke duba kansa a ciki fuskar uwarsa ce. In ya yi kuka ya ga damuwarsa a fuskarta, ya fara sanin cewa abin da yake ji gaskiya ne kuma shi wani ne. A 1923 Freud ya ce halin mutum tarin mutanen da ya so ne ya rabu da su, kowanne ya bar masa wani abu: tafiyar uba, karin maganar kaka, tsawar wani malami. Mu da ake tambayarmu ɗan gidan wa kafin a tambayi sunanmu, kuma ake yi mana takwara da wanda ya riga mu, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Wanda ya fi shahara a nan Erik Erikson ne, kuma rayuwarsa ce ta koya masa. An haife shi a Jamus a 1902, bai taɓa sanin mahaifinsa ba, ya tashi a gidan mijin uwarsa Bayahude mai suna Homburger. Dogo ne fari mai shuɗin ido, sai yaran Yahudawa suna yi masa gorin bare, a makarantar boko kuma ana yi masa gorin Bayahude. Da ya zama ɗan Amurka ya raɗa wa kansa suna Erikson. A littafinsa na 1950 ya kasa rayuwa mataki takwas, ya ce aikin samartaka shi ne haɗa abin da kake gani a kanka da abin da jama'a ke gani a kanka su zama mutum ɗaya.

To yaya miki ke taɓa wannan sanin kai?

Kalmar rikicin sanin kai da ake jingina wa Erikson a wurin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ya fara amfani da ita, a wani asibiti a San Francisco. Sun san sunayensu, sun san garuruwansu, amma igiyar da ta ɗaure jiyansu da yau ta tsinke. Irin wannan ne kake ji daga manomin da ya koma karɓar awo a sansanin gudun hijira yana cewa ni fa ba ni ba ne. Winnicott ya ƙara da batun kai na aro: mutum ya gina wani mai fara'a da biyayya da zai riƙa fita gaban jama'a, na gaskiyar ya ɓuya a ƙurya. Irin wannan mutum kowa na yabon haƙurinsa, shi kuwa ji yake kamar kallon rayuwarsa yake yi daga nesa.

Mene ne bambancin makoki da ciwon damuwa?

A 1917 Freud ya ce mai makoki duniya ce ta zama masa kango, mai ciwon damuwa kuwa shi kansa ne ya zama kangon. Makoki aiki ne da ake yi a hankali, ana ɗaga kowace tunawa ana kuka a kanta ana ajiyewa. Idan akwai fushi ko bashin magana tsakaninka da mamacin wanda ba ka iya furtawa ba, sai ka haɗiye shi, zagin da ba ka yi masa ba ka koma yi wa kanka. Daga baya rayuwa ta sassauta masa ra'ayi. 'Yarsa Sophie, uwar yaron nan mai katakon zare, ta mutu a annobar mura a 1920, kuma a 1929 ya rubuta wa wani abokinsa cewa zafin kan lafa amma ba a samun madadi, kuma haka ya kamata ya kasance.

Zaman makoki, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a inda ake yin su, da takabar wata huɗu da kwana goma, duk suna ba baƙin ciki lokaci da wuri da shaidu. Shi ya sa wanda nasa ya ɓace, ba gawa ba kabari, yake cikin hali mafi tsanani: ba a zo masa gaisuwa ba, bai san ko ya yi addu'ar mamaci ko ta matafiyi ba.

Me ya sa Freud ya ce zaman jama'a yana da tsada?

A littafinsa na 1930 ya ce ba a zama tare sai kowa ya haƙura da wani rabo na sha'awarsa da fushinsa. Fushin da ba a bari ya fita ba yakan juya ciki ya zama alƙalin zuci, mai tuhumar mutum ko ba wanda ya gan shi. Aminci muke saye, kuɗin da muke biya kuwa jin laifi ne. A 1921 kuma ya duba taro, ya ce jama'a kan ɗauki shugaba ɗaya su ajiye shi a kujerar wannan alƙali, daga nan sai su ji sun zama 'yan uwa, kuma abin da ɗayansu ba zai yi shi kaɗai ba sai su yi shi tare ba tare da ɗar ba.

Ya kuma lura cewa maƙwabtan da suka fi kama da juna su suka fi riƙe ƙananan bambance-bambance, ya ba da misalin mutanen Sifen da na Fotugal, da 'yan Ingila da 'yan Sikotilan. Melanie Klein, ɗaya daga cikin magadan Freud, ta bayyana yadda abin ke aiki: zuciyar da ke cikin tsoro takan raba duniya biyu, fari tas da baƙi ƙirin, ta kwashe abin da ba ta so a kanta ta jibga wa na waje. Hausawa sun riga sun faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Idan jama'ar ce kanta ba ta da lafiya fa?

Wannan ita ce tambayar Frantz Fanon. Baƙar fata ne ɗan tsibirin Martinik, an haife shi a 1925, ya yi wa Faransa yaƙi, ya karanta likitancin ƙwaƙwalwa a Faransa. A littafinsa na 1952 ya ba da labarin wani yaro Bature da ya nuna shi da yatsa yana gaya wa uwarsa ga baƙi, tsoro nake ji. Ya ce a wannan kallo ya ji an mayar da shi abu. Ya karɓi kayan aikin Freud amma ya ce ba su isa ba: ciwon wanda aka yi wa mulkin mallaka ba a ɗakin uwa da uba kaɗai ya samo asali ba, a titi ne da makaranta da ofishin 'yan sanda. In madubin da Winnicott ya ambata ƙasa ce guda, kuma kullum raini take nuna maka, wa za ka gani?

A 1953 aka tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Blida a Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ya shirya wa majinyata tarurruka da bukukuwa da jaridar asibiti. A ɓangaren matan Turawa abin ya yi aiki, a ɓangaren maza Musulmi ya faɗi warwas. Bai ce mutanen ne ba su da kai ba, ya ce shi ne ya zo musu da rayuwar da ba tasu ba, ga shi ko harshensu ba ya ji sai da tafinta. Sai ya buɗe musu wurin shan gahawa irin na garinsu, ya kawo mai ba da labari, aka riƙa yin bukukuwan Salla, mutane suka fara motsi. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, waɗanda aka azabtar da masu azabtarwar duka suna zuwa gabansa. Ya rubuta labarin wani sufeton 'yan sanda Bature da ya koma dukan matarsa da 'ya'yansa, ya zo yana roƙon a yi masa maganin da zai ci gaba da gana wa mutane azaba hankali kwance. A 1956 Fanon ya ajiye aiki, yana cewa ba shi yiwuwa a warkar da mutum a mayar da shi cikin tsarin da ke haukata shi. Ya wakilci gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya a Ghana a 1960, ya mutu a 1961 yana da shekara 36.

Ana gadon miki?

Ana yi, ta hanyar reno da kuma shiru. Likitocin da suka duba 'ya'yan waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Nazi sun ga yara masu mafarkin abin da ba su gani ba. Yaro yana jin inda muryar uwarsa ke tsayawa, yana sanin sunan da ba a ambata a gidan. A 1975 Selma Fraiberg da abokan aikinta a Amurka suka rubuta labarin wata uwa da jaririyarta ke tsala kuka ita kuwa kamar ba ta ji. Suka gano ita ma ba wanda ya ji kukanta tana ƙarama. Sai da aka saurari nata kukan sannan ta fara ɗaukar 'yarta. Abin da suka fahimta shi ne iyayen da suka tuna zafin da suka ji, ba labarin kawai ba, su suka fi kare 'ya'yansu daga irinsa.

Al'umma ma haka. A 1967 Alexander da Margarete Mitscherlich suka ce Jamusawa sun tsallake makokin abin da suka aikata da abin da suka rasa, suka duƙufa gina tattalin arziki. Vamık Volkan, ɗan Turkawan Saifurus, ya nuna yadda jama'a kan riƙe wata tsohuwar asara ta zama tutarsu, 'yan siyasa su fama ta lokacin da suke bukata. Misalinsa yaƙin Kosobo na 1389, wanda shugaban Sabiya Slobodan Milošević ya tara dubban Sabiyawa don cikarsa shekara 600 a 1989, 'yan shekaru kafin Yugoslabiya ta wargaje cikin jini.

Shin wannan karatu bai ci karo da addini ba?

Freud bai yi imani da Allah ba, kuma a 1927 ya rubuta cewa addini buri ne na ɗan Adam mai neman uba mai kariya. Musulmi ba zai karɓi wannan ba, kuma masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, ya yi gargaɗi a 1979 kan haɗiye karatun Freud ba tauna. Amma ra'ayinsa kan addini daban, abin da ya gani a ɗakin duba marasa lafiya daban. Tun ƙarni na 9 zuwa na 10 Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili. Wasu kan yi saurin cewa nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna su ne sassa uku da Freud ya kasa zuciya, wato sha'awa, da hankali mai daidaita ta da zahiri, da alƙalin zuci. Ban yarda ba: na Alƙur'ani matakan tarbiyyar rai ne zuwa ga Allah, na Freud kuwa sassa ne da ke jayayya har mutuwa.

Inda nake so a tsaya shi ne haƙuri. An mayar da shi kamar ma'anarsa yi shiru. Annabi Yaƙub, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne idanunsa suka yi fari don baƙin cikin Yusuf, ya ce yana kai kukansa ga Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Wanda ya yi kuka ya faɗi abin da ke cinsa bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Karatun da aka gina a kan Turawan Biyana zai yi aiki a wani wuri?

Sai an yi masa gyara. A 1927 masanin al'adu Bronisław Malinowski ya nuna cewa a tsibiran Trobriand na tekun Fasifik iko a hannun kawu yake, don haka takun-saƙar da Freud ya ce ta ɗa da uba ce a can ta wata hanya take bi. A asibitin Fann na Dakar, Marie-Cécile da Edmond Ortigues sun rubuta a 1966 cewa gasar ta fi karkata ga 'yan uwa da tsara. A Aro kusa da Abekuta, tun 1954 Thomas Adeoye Lambo, wanda likitan ƙwaƙwalwa ne ba almajirin Freud ba, ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Darasin ɗaya ne da na Fanon a Blida. A inda ake kunyar ɗan fari, ake ba da riƙo, yaro ke da uwaye fiye da ɗaya, wanda ya zo da ma'aunin gidan mutum huɗu, wato miji da mata da 'ya'ya biyu, zai ga ciwo inda babu, ya kuma tsallake shi inda yake.

Kimiyya ce? Kuma tana warkarwa?

Masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya ce karatun da ke da amsa ko ka ce e ko ka ce a'a ba a iya gwada shi, kuma sukar tana da ƙarfi. Yawancin hujjojin Freud daga majinyata ƙalilan suka fito, kuma abin da ya faɗa kan mata ya sha suka tun daga Karen Horney, wadda ita ma mai saikoanalisis ce. A shekarun 1980 da 1990 a Amurka wasu masu ba da magani sun matsa wa mutane su tono abin da wai suka danne, har aka dasa musu tunanin abin da bai faru ba, gidaje suka watse. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus ya nuna yadda hakan ke yiwuwa.

Game da ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa a kundinsu a 1980 bayan yaƙin Biyetnam, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta fi ƙarfafa maganin gyara tunani da ɗabi'a mai fuskantar abin da ya faru, da wata hanya da ake haɗa tunawa da motsa idanu. Saikoanalisis na asali, inda mutum ke kishingiɗa yana faɗin duk abin da ya zo masa sau huɗu ko biyar a mako har shekaru, yana da tsada kuma masu yin sa kaɗan ne. Abin da ya bari wanda har masu sukarsa ke amfani da shi shi ne lura da yadda majinyaci ke ɗora wa mai sauraronsa tsohuwar alaƙa, ya ji tsoronsa kamar uba ko ya jira ya ƙaryata shi kamar yadda aka yi masa a da.

Ni ba likita ba ne. Me zan yi wa nawa da ke cikin wannan hali?

Fara da kwanciyar hankali: wurin kwana, abinci, mutanen da ya sani. Kada ka tsare shi da tambaya sai ya ba ka labari. An gwada zaunar da mutane a sa su zayyana komai nan take bayan bala'i, aka ga ba ya hana ciwon, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa. Ka bar ƙofa a buɗe kawai. Ranar da ya fara magana, ko da tsakar dare ne, ko ya faɗa sau goma, kada ka tare shi da ai ya wuce ko wasu sun fi ka shiga uku. Ka tuna sara na biyu da Ferenczi ya ambata. Cewa na ji, kuma na yarda da kai, aiki ne babba.

In yara ne, ka kula da uwarsu. Anna Freud da Dorothy Burlingham, da suka riƙe gidajen renon yara a Landan lokacin ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, sun ga cewa raba yaro da uwarsa ya fi girgiza shi a kan ƙarar bam, kuma yaro fuskar babba yake kallo ya san ko abin tsoro ne. In ka ga yaro yana ta wasan harbi ko wasan gudu, kada ka kwaɗe shi, irin wasan katakon zaren nan ne.

In an wuce wata guda ba barci, ko ya daina ci, ko ya kama shaye-shaye, a kai shi wurin likita. In kuwa yana jin muryoyi ko yana maganar kashe kansa, ranar za a tafi, ba jira. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Addu'a da asibiti ba sa hana juna. Kai ma mai jinya ka samu wanda za ka riƙa faɗa wa abin da kake ji, domin wanda ke sauraron irin waɗannan labarai kullum shi ma yakan fara mafarkinsu.